Akwatin 303 ko manhajar kwamfuta: shawara ga mai son haɗa kundin asid tekno a Jos

Ɗan baffana ne ya jawo wannan rubutu. Shekara huɗu ke nan yana haɗa wa yaran unguwa kiɗa a wani ɗan ɗaki da ke Farin Gada, yau mai rap, gobe mai nanaye, jibi mai waƙar siyasa. A hunturun da ya wuce ya zo mini da hedifon rataye a wuya, ya ce in zauna in saurari wani abu. Abin da na ji ba waƙa ba ce. Ganga ɗaya ce take bugawa can ƙasa kamar bugun zuciyar mai barci, wani siririn sauti yana lanƙwasa yana miƙewa a kanta, sai fili fetal a tsakaninsu. Kundin Consumed ne na Plastikman, wato Richie Hawtin, wanda ya fito a 1998. Da ya ƙare ya ce, "Yaya, irin wannan nake son in yi. Kundi guda, ba mawaƙi ko ɗaya. Na tara abin da ya kai dala 200. In sayi akwatin nan na 303 ne, ko in tsaya a kan kwamfutata?"

Na ce ya ba ni mako guda in yi tunani, don tambayar ba ta da amsa ɗaya. Abin da na faɗa masa daga baya shi ne na faɗaɗa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ba ne. Jos gari ne da kiɗa ya daɗe da samun gindin zama, daga Ɗan Maraya zuwa su P-Square da M.I da Ice Prince, kuma a kowane lungu akwai yaron da ya gaji da yi wa wasu kiɗa yana son ya yi nasa.

Kafin a zo kan kuɗi, sai an gane sautin da ake nema, in ba haka ba mutum zai sayi abin da ba ya bukata. Tekno kiɗan na'ura ne da ya tsiro a birnin Ditroyit na Amurka a tsakiyar shekarun 1980, a hannun su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Asid kuwa daga Shikago ya fito, kuma duk tarihinsa ya rataya ne a wuyan na'ura guda, wato Roland TB-303. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da ita a 1981, Tadao Kikumoto ne ya tsara ta, kuma manufarta ita ce ta maye gurbin mai kaɗa gitar bes ga mawaƙin da yake atisaye shi kaɗai. Ta kasa. Sautinta bai yi kama da gita ba, shigar mata da kiɗa kuma jan aiki ne. A 1984 aka daina ƙera ta bayan an yi kusan guda 10,000, ta koma kwandon gwanjo. A can ne matasan baƙaƙen fata na Shikago suka tsince ta da araha. Ƙungiyar Phuture, wadda DJ Pierre yake ciki, ta bar na'urar tana maimaita layi ɗaya, su kuma suna murɗa maɓallanta, sautin yana kuka yana zamewa. A 1987 suka fitar da Acid Tracks, sunan ya bi salon har yau. Hawtin, wanda ya tashi a yankin Winsa na Kanada, tsallaken kogi daga Ditroyit, yana cikin waɗanda suka rage wa salon hayaniya, suka cire kusan komai, suka bar sautin yana shawagi cikin amo mai zurfi. Wannan rage kaya shi ake ce wa minimal, shawagin kuma shi ne ambiyan.

Ni da na fara jin irin wannan kiɗa, kuntigin Ɗan Maraya ne ya faɗo mini a rai. Tsirkiya ɗaya ce a jikin ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, amma marigayin ya riƙe Najeriya da ita shekaru da dama har rasuwarsa a 2015. Ita ma 303 murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, ba ta iya haɗa biyu. Zamiyar da take yi daga wannan murya zuwa waccan kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya san ta. Saboda haka kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan kamar yadda ake zato. Abin da ya kamata a ɗauka daga wannan kwatanci shi ne, idan kayan kiɗa kaɗan ne, hannu ne yake zama komai. A jikin 303 maɓallan murɗawa shida ne suke sarrafa sauti: na saita murya, na buɗe matatar sauti da rufe ta wanda ake kira katof, na ƙara mata kaifi wato rezonans, na yadda matatar take tsalle a kan kowace murya, na tsawon jelar sauti, da na ƙarfafa wasu muryoyi. Kiɗan minti tara zai iya zama layi ɗaya mai taku 16, abin da yake canzawa kawai shi ne yadda yatsu biyu suke juya katof da rezonans a hankali. Wannan ita ce tambayar gaskiya: ta wace hanya hannunka zai kai ga sautin, kuma me zai rage a aljihunka don sauran aikin?

Ita asalin TB-303 ɗin a cire ta daga lissafi. Da ta fito dala 395 ce, yanzu ta hannu tana haura dala 2,000, ta haura shekara 40 a duniya, ba ta da MIDI, wato hanyar da na'urorin kiɗa suke tura wa juna umarni, domin ta riga shi zuwa, kuma idan ta lalace a Jos ban ga mai gyaran rediyon da zan miƙa wa ita hankalina kwance ba. Abin da ake magana a kai shi ne 'ya'yanta da jikokinta.

Wadda yawancin yara suke nufi idan sun ce akwatin 303 ita ce Behringer TD-3, da ta fito a 2019 a kan kusan dala 150. Analog ce, wato sautin daga zagayen wutar da ke cikinta yake fitowa kamar ta asali, ba lissafin kwamfuta ba. Siffarta da jerin maɓallanta duk kwafi ne na tsohuwar, an ƙara mata MIDI da USB da wani sashe mai ƙazanta sauti ya yi gurnani. Idan ka ɗora hannu a kanta za ka gane dalilin da mutane suke haukacewa a kai. Maɓallan suna da girman da yatsa zai kama, kana murɗawa kana ji nan take, ba jinkiri ko na ƙiftawar ido. Amma ta gaji wahalar uwarta: muryoyi daban ake shigarwa, tsawon lokacinsu daban, sai an haɗa sannan ka ji abin da ka rubuta, kuma sau da yawa ba shi ka yi niyya ba. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin rabin daɗin ke nan, domin layukan asid masu kyau da yawa kuskure ne ya haife su. Wanda ba shi da haƙuri yana iya rubuta layin a kwamfuta ta manhajar SynthTribe ya tura mata.

Abubuwa uku ne dillali ba zai faɗa maka game da ita ba. Ba ta aiki da batir, adaftar bolt 9 take bukata, wato wuta na tafiya ita ma ta tafi. Ba ta da ganga, ba ta da amo, bes ce tsirara. Sannan ba ta tuna inda ka bar maɓallanta. Layin muryoyi take ajiyewa, ba sautin ba. Idan yau ka samu wani zaƙi da ƙarfe biyun dare ba ka naɗa ba, gobe sai dai ka yi ta lalube.

Roland da kansu sun fitar da TB-03 a 2016, farashinta ya ninka na TD-3 har da ɗoriya. Ita dijital ce, tana kwaikwayon zagayen wutar tsohuwar ta hanyar lissafi. Masu tsattsauran ra'ayi suna yi mata kallon hadarin kaji saboda haka, amma idan aka sa ta cikin kiɗa da ganga da amo, kaɗan ne za su rantse su bambance. Tana aiki da batir huɗu irin na rediyo ƙarama ko da USB, tana da ɗan allo mai nuna lamba, tana da maimaicin sauti a jikinta, kuma tana tura sautinta kai tsaye cikin kwamfuta ta USB ba sai da sawunkad ba, wato ƙaramin akwatin da yake shigar da sauti cikin kwamfuta. Na'ura ce mai hankali. Matsalarta ɗaya a wannan zance, ta fi ƙarfin dala 200.

Wadda ta fi ba ni sha'awa saboda halin wutarmu ita ce Roland T-8 ta 2022, wadda ta fito a kan kusan dala 200. Ba ta fi tafin hannu biyu ba. A cikinta akwai gangunan da aka ɗebo daga TR-808 da TR-909 da TR-606, ga bes ta 303, ga amo da maimaici, ga batirin da ake caji ta USB kamar waya, har da fawa bank. Wato mutum zai iya hawa Dutsen Shere da ita a aljihun jaket da hedifon, ya zauna ya haɗa kiɗa cikakke ba tare da ya tambayi kowa ko an kawo wuta ba. Inda ta gaza shi ne ƙanƙantar maɓallan. Mai manyan yatsu zai murɗa ɗaya ya goge na kusa, kuma irin juyin nan na sannu-sannu da ambiyan yake so, wanda za ka yi minti uku kana buɗe matata kaɗan-kaɗan, ya fi wuya a kan maɓalli mai girman ƙwayar gyaɗa. Akwai kuma Korg Volca Bass ta 2013 mai batir shida, mai daɗi ce a karan kanta, sai dai matatarta ba ta kuka irin na 303, kuma wanda ya saye ta don wannan kukan zai yi da-na-sani.

Yanzu ɓangaren kwamfuta. Kwaikwayon 303 a manhaja tsohon zance ne. Tun 1997 kamfanin Propellerhead na Suwidin ya fitar da ReBirth, mai ɗauke da 303 guda biyu da injin ganga, kuma mutane da yawa a duniya da ita suka fara. Yau akwai AudioRealism Bass Line, akwai Phoscyon ta kamfanin D16 na Polan, akwai ta Roland ɗin kansu a Roland Cloud, masu manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kuma suna da Transistor Bass da kamfanin Image-Line ya yi musu. Tun da kusan kowane sitidiyo daga Bukuru zuwa Titin Bauchi da FL Studio yake aiki, wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kusa da hannu. Game da sauti, zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: a kiɗan da aka lulluɓe da amo mai tsawo, aka rage wa kaifi, aka tura can baya kamar ana jiyo shi daga ƙasan tsohon ramin kuza, bambancin analog da manhaja mai kyau ya kusa ɓacewa. Inda analog take nuna kanta shi ne asid mai zafi, mai ihu, wanda aka buɗe wa rezonans har ƙarshe. Ɗan baffana ba wannan yake nema ba.

Manhaja tana ba ka abin da akwati ɗaya ba zai ba ka ba. Kana iya buɗe 303 uku a lokaci guda, ɗaya tana gurnani a ƙasa, ɗaya tana ɗiga kamar ruwan indararo, ɗaya tana can nesa. Tana tuna komai, ka rufe yau ka buɗe bayan wata biyu ka tarar da shi yadda ka bari. Kana iya zana layin da katof zai bi na tsawon minti goma, ya hau a hankali yadda hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Uwa uba, amon nan da shi ne rabin wannan salo a kwamfuta yake, kuma mai kyau kyauta ne: Valhalla Supermassive, wadda ta fito a 2020, ba a biyan ko kwabo, tana iya mayar da ɗigon sauti guda ya zama gajimare. Ko ka sayi TD-3, ƙarshenta nan za ka dawo neman amo. Wannan batu ne da masu ɗokin akwati suke tsallakewa.

To ina aibin? Linzamin kwamfuta. Da shi maɓalli ɗaya kake iya taɓawa a lokaci guda, alhali asid na yatsu biyu ne, kana rufe katof kana buɗe rezonans tare, kana sauraro kana mayar da martani. Layin da aka zana da linzami yana fitowa sumul, kuma sumul ɗin nan ne yake kashe shi. Kunne yana gane inda hannu ya ɗan yi rawa, ya wuce ya dawo, ko da mai sauraro bai san abin da ya ji ba. Maganin wannan ba shi da tsada: ƙaramin allon maɓallai na MIDI, irin Korg nanoKONTROL2 mai maɓallan murɗawa takwas da na turawa takwas, ko Akai MIDImix mai 24. Ba sa fitar da sauti, umarni kawai suke tura wa manhaja, wutarsu daga USB take zuwa. Ka ɗaura maɓalli ɗaya a katof, ɗaya a rezonans, ɗaya a yawan amo, ɗaya a ƙarar ganga, ka danna naɗi, ka rufe ido. Kashi mafi yawa na abin da akwati yake bayarwa ya dawo hannunka, har da ƙari, domin yanzu amon ma yana ƙarƙashin yatsanka. Sharaɗin kawai shi ne a saita direban ASIO, wato manhajar da take kula da shiga da fitar sauti a kwamfuta, a rage jinkiri, in ba haka ba za ka murɗa yanzu ka ji anjima, abin ya fita daga ranka.

Akwai aibi na biyu da ya fi na farko haɗari, kuma ba na na'ura ba ne, na hali ne. Abin da ake iya gyarawa kullum ba ya ƙarewa. Na san masu haɗa kiɗa a garin nan da suke da fayil ɗari-ɗari a kwamfuta, kowanne sakan talatin yana zagaye, babu ɗaya da ya zama kiɗa. Akwati ba ya ba ka wannan damar. Ka kunna, ka murɗa na minti takwas, abin da ya shiga ya shiga. In bai yi ba ka sake daga farko. Kamar makaɗin da aka kira gidan biki ne, ba ya cewa a dakata ya gyara bugun da ya wuce. Wanda ya san kansa da jan ƙafa, wannan tilascin kaɗai ya isa dalilin sayen akwati. Amma ana iya ƙirƙirar tilascin a kwamfuta: ka naɗi juyinka kai tsaye a matsayin sauti, ka goge fulogin ɗin, wato manhajar 303 ɗin, daga aikin, ka hana kanka komawa. Mutum ne dai da wuya ya ɗaure kansa.

Sai mu zo kan lissafin da ya yanke hukunci a wurina. Wanda ya sayi TD-3 bai gama kashe kuɗi ba. Sautinta sai ya shiga kwamfuta, wato sai da sawunkad irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC, sai wayoyi, sai kuɗin kawowa da na kwastan idan daga waje ne, ko ribar dillali idan daga Alaba ko Banex ta Abuja aka turo. A kasuwar Taminus za ka samu lasifika da makirfo da fiyanon Yamaha iya son ranka, amma irin wannan akwatin oda ake yi. Kafin ka ankara dala 150 ta zama abin da ya wuce 200 nesa ba kusa ba, kuma har yanzu da hedifon ɗin da ka saya a bakin titi kake sauraro. Nan ne babbar ɓarakar take. Wannan kiɗa yana zaune ne a ƙasa, wato sauti mai kauri na wajen hez 50 zuwa 60 a ma'aunin sauti, inda babbar ganga take, da kuma cikin jelar amo da take ɓacewa a hankali. Hedifon mai ƙara wa bes kitse don ya burge zai yi maka ƙarya a kan duka biyun. Na aiki irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M40x, kowanne wajen dala 100, zai canza kundinka fiye da kowane akwati. Ina da yaƙini a kan wannan fiye da komai da na rubuta a nan.

Wani ɗan ratse: yawancin waɗanda za su ji kundin a nan gida ta lasifikar waya za su ji shi, ita kuwa ba ta fitar da ƙasan nan ko kaɗan. Kukan 303 yana ratsa waya lafiya lau saboda kaifinsa, amma gurnanin ƙasa ɓacewa yake yi. Saboda haka kowane kiɗa ka gama, ka tura shi waya ka ji, ka sa shi a motar wani, in da hali ka roƙi mai gidan kallon ƙwallo ya sa maka a manyan lasifikunsa kafin a fara wasa. In a waya shiru kawai ake ji da ɗan tsit-tsit, akwai sauran aiki.

Yanayin Jos ma yana da bakin magana. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Na'urar analog muryarta tana ɗan kaucewa da sauyin zafi da sanyi, don haka a kunna ta a bar ta ta ɗumama na 'yan mintuna kafin a saita ta da sauran kiɗan. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga ƙarƙashin maɓallan murɗawa, bayan shekara ɗaya ko biyu ka ji suna ƙarar yashi idan an juya. Tsumma mai tsabta a rufe ta da shi ya fi kowane magani. Da damina ga tsawar Filato, wadda ba sai an ba ɗan gari labari ba: hadari na haɗuwa a zare komai daga bango. Sannan adafta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Na taɓa karɓar wata ƙaramar na'ura da aka aiko mini daga can, ɗoki ya hana ni karanta rubutun jikin adaftar, na soka, na ji ɗas, na shaƙi ƙauri. Laifina ne ni kaɗai. A duba, a kuma duba cewa adaftar da za a maye gurbinta da ita ta dace ta fuskar bolt da bakin da wuta take shiga.

Janareta yana da nasa sharrin. Ban da ƙararsa da take hana ka jin jelar amo, yakan shigo da wani zuuu cikin waya idan an haɗa akwati da sawunkad da laftof duk a soket ɗaya. Sau da yawa zare cajar laftof a bar ta a kan batir yana kashe wannan ƙarar. A nan mai manhaja zalla ya huta: laftof mai batir mai rai, hedifon, allon maɓallai, shi ke nan, babu wayar da za ta ɗauko datti. Mai sola da inbata a gida shi wannan duk bai dame shi ba, kuma shi ne mutumin da TD-3 ta fi dacewa da shi.

Game da manhajar sata, wadda kowa ya san ita ta cika kwamfutocinmu, ba wa'azi zan yi ba, lissafi zan yi. Fulogin da aka fasa yana iya rufe maka aiki ana tsakiyar naɗi, yana iya shigo da cuta, kuma aikin wata shida ne a kan faifan. Akwai hanyoyin halal masu sauƙi. FL Studio idan ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada. Reaper lasisinsa na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne, bayan gwaji na kwana 60. Ableton Live Lite yakan zo kyauta tare da sawunkad ko allon maɓallai da yawa, an taƙaita shi a layi takwas, wato sautuka takwas da ake jerawa kowanne a layinsa. Mai haɗa nanaye zai ce takwas ba ta isa ko ganguna ba. Mai minimal kuwa, in ya cika takwas, ya duba da kyau, wataƙila biyu sun yi yawa.

To ga yadda na raba. Wanda yake da laftof mai ɗan ƙarfi, ya iya FL Studio ko makamancinta, burinsa kundi mai natsuwa da zurfi, kuɗinsa kuma bai wuce dala 200 ba: hedifon na aiki da allon maɓallai, sannan fulogin ɗin 303 guda ɗaya tak, ya zauna a kansa har ya san halinsa. Wanda ya riga ya mallaki sawunkad da hedifon mai kyau, wutarsa tsayayya ce, kuma ya san cutarsa ita ce rashin kammalawa: TD-3, ba tare da dogon tunani ba. Wanda unguwarsu wuta sai an yi sa'a, ko laftof ɗinsa ta tsufa tana tari, ko yana son ya riƙa fita da kiɗansa wuraren taron matasa a Rayfield ko ya gangara Abuja ya buga kai tsaye a gaban mutane: T-8, domin ita kaɗai ce a cikinsu take tsayawa da ƙafarta, kuma mutane suna son ganin hannu yana aiki a kan wani abu, ba fuska tana kallon allo ba. TB-03 ta mai kuɗin da ya fi haka ce, wanda yake son akwati amma ba ya son rigimar adafta da sawunkad.

Da na gama zayyana masa, ɗan baffana ya yi shiru, ya ce, "Yaya, wato dai kana cewa kar in sayi akwatin." Na ce ban ce kar ka saya ba, na ce ba bana ba. Ransa bai so ba, don ya riga ya ajiye hoton TD-3 mai launin ruwan ɗorawa a fuskar wayarsa. Ya sayi hedifon ɗin, ya samu allon maɓallai na hannu wajen wani mai sitidiyon coci a Tudun Wada da ya daina amfani da shi. Na sa masa sharaɗi ɗaya, shi ma ya karɓa: kowane kiɗa a zama ɗaya za a naɗe shi, layi bai wuce shida ba, in an naɗa ba komawa.

Makon jiya ya turo mini kiɗa na huɗu. Minti tara ne da 'yan sakanni, gudunsa bugu 118 a minti. Ya je magangarar ruwa ta Assop ya naɗo ƙarar ruwa da wayarsa, ya rage mata sauri ya shimfiɗa a ƙasa, 303 ɗin tana shigowa sai a minti na uku. Wajen minti na shida akwai inda yatsansa ya zarce, matatar ta buɗe fiye da kima ta yi wani ɗan ihu kafin ya dawo da ita. Ya tambaye ni ko ya sake naɗi saboda wurin. Na ce ya bar shi. Ya ce to, amma kuɗin akwatin ya fara tarawa daga aikin waƙoƙin bikin da ya karɓa na bayan salla.